Tambaya da Amsa: Inji ya cire mini yatsu biyu, manaja ya ce ƙaddara ce

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni da yawa sun zo a kan abu ɗaya, wato haɗari a wurin aiki da kuma ko akwai wani abu da gwamnati ta tanada don kare mai neman halalinsa. Na zaɓi guda huɗu, na cire sunayen mutane da na kamfanoni kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa nan Kano, shekara uku kenan ina aiki amma har yau ba a ba ni takardar ɗaukar aiki ba, 'yan kwantiragi ne mu, kullum a rubuta sunanka a littafi ƙarshen sati a biya ka. To kwana goma da suka wuce ina zuba tsohuwar roba a injin niƙa sai ya fizgi hannuna, manuni da na tsakiya suka tafi. Dama murfin bakin injin an daɗe da kwance shi wai yana rage saurin aiki. Manaja ya biya kuɗin asibiti na ranar, ya ba ni dubu hamsin ya ce in je in huta ƙaddara ce, kuma ya kawo wata takarda wai in dangwala mun sasanta. Ban dangwala ba tukuna. Ina da mata da yara biyu. Malam ina da wani haƙƙi kuwa ko shikenan?
Daga wani ma'aikaci, Kano.

AMSA: Sannu ɗan uwa, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Na riga na amsa maka ta waya saboda lokaci na ƙurewa, amma ga shi nan a rubuce don irinka suna da yawa a Sharaɗa da Chalawa da Bompai.

Kada ka dangwala wannan takardar. Kuma kana da haƙƙi, babba ma. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamban shekarar, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, kuma hukumar asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF, ce ke riƙe da asusunta. Yadda abin yake, kowane mai ɗaukar ma'aikata ya kamata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata a wannan asusu, daga aljihunsa ba daga albashinka ba, doka ta hana a cire maka ko kwabo saboda wannan. Idan ma'aikaci ya ji ciwo ko ya kamu da cuta ko ya rasu a dalilin aiki, daga can ake biya.

Abin da suke ruɗar ku da shi shi ne wai ai kai ɗan kwantiragi ne ba ka da takarda. Wannan ba hujja ba ce. Dokar da kanta ta fayyace wanene ma'aikaci, ta ce ko yarjejeniyar baki ce ko ta rubutu, ko na dindindin ne ko na wucin gadi ko ɗan koyon aiki, har mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne, duk ta haɗa. Sojoji ne kawai aka ware. Masu kamfanin ne ma suka karya doka tun farko, don dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, kai ga shi shekara uku. Sannan ko da ka dangwala waccan takarda ta sasanci, dokar diyyar ta ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi da ubangidansa ta yafe diyya ba ta da ƙarfi, amma duk da haka me zai sa ka ba su abin da za su riƙa ɗagawa suna ja maka rai da shi.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne wajen lokaci. Doka ta ba ka kwana 14 ka sanar da kamfani raunin da ka ji. Na san za ka ce ai manaja ya sani tunda shi ya kai ka asibiti, eh ya sani, amma gobe in magana ta yi zafi wa zai tsaya ya ce ya sani? Ka samu wanda zai rubuta maka wasiƙa gajera, sunanka, rana da lokacin da abin ya faru, wane inji, waɗanne yatsu, ka yi kwafi biyu a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe, in sun ƙi karɓa ka tura wa manajan hotonta ta WhatsApp kada ka goge. Shi kuma kamfani doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto NSITF, kuma tunda raunin ya hana ka aiki fiye da kwana uku dole ya sanar da sufeton masana'antu na ma'aikatar ƙwadago. Neman diyyar kanta cikin shekara ɗaya ake shigar da ita, sai in akwai wani dalili na musamman ne ake ɗagawa har zuwa shekara uku. Kada ka jira kamfani, ka taka da ƙafarka zuwa ofishin NSITF na Kano ka tambaya ko an kawo rahotonka kuma ko kamfanin na da rajista.

Ka tara duk wata takarda, katin asibiti, rasit na magani, hoton ƙashi, hoton hannun tun yana ɗanye, alat na banki in ta banki ake biyanku, in kuma a hannu ne to ko hoton shafin littafin nan da ake rubuta sunayenku. Ka nemi rahoton likita daga asibitin gwamnati, irin asibitin ƙashi na Dala, wanda zai faɗi iya nakasar da hannun ya samu, don da wannan ake lissafi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ba zai ƙara iya aiki ba ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, irin naka kuma da wani sashe ne ya tafi ana duba nawa raunin ya rage maka na abin da kake iya samu. Akwai kuɗin magani, akwai hannu ko ƙafar roba ga wanda ya rasa, akwai ma taimakon koyon wata sana'a. Kuma abokan aikinka biyu ko uku da suka ga abin, ka karɓi lambobinsu yanzu, don ɗan kwantiragi yau yana nan gobe an sallame shi.

In ka je aka ce kamfanin bai taɓa zuba ko sisi ba, wanda hakan na faruwa sosai, laifinsa ne ba naka ba. Sai ka nemi lauya. Hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta gwamnatin tarayya na da ofis a jihohi kuma ƙarar diyyar ma'aikata na cikin aikinta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ma na da reshe a Kano. Lauyan ne zai duba ya faɗa maka wace hanya ta fi maka, don ba a karɓar diyya sau biyu a kan rauni ɗaya.

Maganar ƙaddara kuwa, wallahi tana ɓata mini rai in na ji ta a bakin mai kuɗi yana faɗa wa wanda ya rasa yatsu. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi, amma murfin injin nan mutum ne ya ɗauko sifana ya kwance shi, kuma dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk wani ɓangaren inji mai haɗari. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya yanka wa kowane yatsa diyyar raƙuma 10 ko da bisa kuskure aka cire shi. Don haka kada wani ya sa ka ji kamar neman haƙƙinka rashin tawakkali ne.

TAMBAYA: Malam mijina yana aikin dare a wani kamfanin buhu, ya ce da zarar sun shiga ƙarfe bakwai sai a garƙame ƙofar ɗakin injinan da kwaɗo ta waje, maigadi ya tafi get da makullin, sai da safe a buɗe, wai don kada a saci kaya. Ni tunda na ji hankalina bai ƙara kwanciya ba. Shi kuma ya ce in ya yi magana korarsa za a yi. Wai gwamnati ba ta da masu duba irin wannan ne?
Daga wata matar aure, Kaduna.

AMSA: 'Yar uwa kina da gaskiya da hankalinki ya tashi, buhun leda da zare abin da wuta ke so ne. Abin da suke yi haramun ne a doka ƙarara. Dokar masana'antu ta ce matuƙar akwai mutum a ciki yana aiki ko cin abinci, ba a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta nan take daga ciki ba. Kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, a 2002 wuta ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata gommai suka ƙone, waɗanda suka tsira suka ce a kulle suke. A watan Yunin 2020 kuma lokacin kullen korona 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano da aka tsare su ciki wata uku ba fita.

Masu dubawa akwai su. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na da sashen kula da lafiya da kariyar ma'aikata, tana da ofis a kowace jiha, kuma sufetocinta doka ta ba su ikon shiga masana'anta da rana ko da dare, su duba, su ba da wa'adin gyara, in haɗarin ya yi yawa su dakatar da aikin. Iska, haske, ruwan sha, bayi, akwatin agajin gaggawa, kayan kariya, hanyar fita in wuta ta tashi, duk suna cikin abin da aka ɗora musu. A takarda Najeriya ba ta baya, ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 tun 1994, ta ƙara da mai lamba 187 a 2022, ta fitar da manufar ƙasa a kan lafiyar ma'aikata a 2006 aka sabunta ta a 2020, kuma duk 28 ga Afrilu ana taron ranar kariya a wurin aiki.

Amma zan faɗa miki inda gizo ke saƙa. Sufetocin sun yi kaɗan ƙwarai idan aka duba yawan masana'antu, sau da yawa ma ba motar zuwa, to wa zai fito ƙarfe biyun dare ya ga kwaɗon nan in ba wani ne ya kai musu labari ba? Ga kuma tarar da ke cikin dokar tun ta zamanin da naira ke da daraja ce, wanda sakacinsa ya jawo mutuwar ma'aikaci tararsa ba ta wuce naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, kuɗin da yau ko buhun siminti ɗaya ba zai saya ba. Majalisar dattawa ta taɓa amincewa da sabon ƙudurin doka a 2012 da zai gyara wannan, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Ni a ganina wannan shi ne babban gazawar gwamnati a harkar nan, mai kamfani ya san gyara ya fi tara tsada, don haka ba ya gyarawa.

Duk da haka kada ku zauna. Ba sai mijinki ya fito shi kaɗai ba. A ɗauki hoton kwaɗon a waya da lokaci a jiki, a rubuta ƙorafi zuwa ofishin ma'aikatar ƙwadago na jiha, a kai kwafi ga hukumar kashe gobara da kuma ofishin ƙungiyar ƙwadago ta NLC, kuma a roƙi a sakaya suna. Ƙorafi uku a wuri uku ya fi wuyar dannewa. Kafin nan shi da abokan aikinsa su haɗu su nemi manaja, ba da faɗa ba, su ce in tsoron sata ne a sa maigadi a bakin ƙofar ko a sa kyamara ko a caje kowa in zai fita, amma makulli ya zauna a ciki. Kuma yau ɗin nan ya duba ina tukunyar kashe wuta take, tana aiki ko ta daɗe da mutuwa, akwai wata ƙofa ta baya ko taga mara ƙarfe.

TAMBAYA: Malam ɗana yana haƙar zinare a daji, wani lokaci yana kawo dutse gida ƙannensa su taya shi daka. Wani ya ce mini ƙurar na kashe yara. Mu dai ba mu da kamfani ba mu da oga balle a ce diyya. Gaskiya ne?
Daga wani dattijo, Zamfara.

AMSA: Baba gaskiya ne, kuma a jiharku abin ya faru. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yaro ya fara amai da ciwon ciki sai jijjiga sai suma, da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen zinaren yankin akwai dalma a cikinsa, ana kawo shi gida a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a shanya garin a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa ta bi tabarma ta bi kwanon abinci, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, kuma wanda ya rayu sau da yawa dalmar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba ta gyaruwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Abin da aka yi a lokacin shi ne kankare ƙasar saman gidaje da tsakar gari a kwashe a binne nesa, a kawo sabuwa a zuba, sannan a ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Dole sai an share gidan kafin a fara maganin, in ba haka ba yaro zai koma ya sake kwasa. Shi ya sa yaran garin Bagega da ke Zamfara suka daɗe suna jira, don sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin bayan an yi ta kiraye-kiraye. A 2019 kuma aka hana haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya, amma wannan saboda matsalar tsaro ne, kuma hani bai taɓa hana mai yunwa shiga rami ba. Abin da ya fi amfani, wanda aka gwada a ƙauyukan nan kuma dalmar jinin mutane ta ragu, shi ne koya wa masu haƙar yadda za su yi aikin ba tare da sun kai gubar gida ba.

To Baba ka tsaya a kan wannan da ƙarfinka na uba. Dutse kada ya ƙara shigowa gida ko guda ɗaya, a daka a wanke can bayan gari nesa da rijiya. A jiƙa shi kafin a niƙa don ƙura ta kwanta. Kayan da ya yi aiki da su da takalmin su tsaya can, ya yi wanka ya sauya kafin ya shigo ya ɗauki yaro. Turmin da aka taɓa daka dutse a ciki da buhunan da aka zubo shi kada su ƙara ganin hatsi. Mai ciki da mai shayarwa su yi nesa. Zaibar da suke haɗa zinaren da ita su ƙona, tururinta ma guba ne mai lalata jijiya, ba a ƙona ta a ɗaki ko a murhun girki. Ƙannen nan da suka riga suka yi daka, musamman in akwai 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan, a kai su babban asibiti a faɗa wa likita ƙarara cewa ana daka dutsen zinare a gidan, a nemi gwajin dalma a jini, kada a jira sai yaro ya fara jijjiga. Shi kansa ɗan naka in tari ya ƙi ƙarewa fiye da sati biyu ya je a duba ƙirjinsa, ƙurar dutse na cin huhu kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai ramin kansa, da damina ƙasa na jiƙa ta rufta, haka aka yi a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi a Nijar a watan Nuwamban 2021 mutum 18 suka rasu.

In suna da yawa a wurin, su haɗu su kafa ƙungiyar gama kai su yi rajista da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya, tana da sashen masu ƙananan haƙa, ta nan ne horo da tallafi ke bi in an samu.

TAMBAYA: Ni mai walda ne ina da yara shida masu koyo. Wannan doka ta diyyar ma'aikata ta shafe ni ko ta manyan kamfanoni ce kawai?
Daga wani mai walda, Zariya.

AMSA: Malam ta shafe ka, kuma Allah ya saka maka da ka tambaya tun kafin wani abu ya faru. Ɗan koyo ma'aikaci ne a idon dokar diyya, kuma ba ta ware ƙaramar sana'a ba. Ka je ofishin NSITF mafi kusa ka tambayi yadda za ka yi rajista, in kuna da ƙungiyar masu walda ku je tare ya fi sauƙi. In abin da kake ba yaran a wata ya kai dubu ɗari da ashirin, kasonka 1,200 ne.

Amma kafin wannan ka fara da ido. Baƙin gilashin kasuwa da yara ke sawa ba ya tare hasken walda, shi ya sa suke kwana ido na zuba ruwa kamar an watsa yashi, garkuwar fuska ta ainihi za ka saya, kuma mai riƙe wa wani ƙarfe shi ma ya sa. Mai guga da giranda ya sa farin gilashi mai rufe gefe. Wayar da ta kware a sauya ta, kada a naɗe da leda, kada a yi walda ana tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da silifas, tukunyar gas a tsaye a ɗaure nesa da tartsatsi. Tankin mota ko duro da ya taɓa ɗaukar fetur ba a sa masa wuta don an ga babu komai a ciki, tururin ne ke fashewa. In kuma ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idon yaro kada kowa ya sa tsinke ko bakin riga, a rufe idon da tsumma mai tsabta a wuce asibitin ido a ranar.